Sarki Goma, Zamani Goma: Manomi Da Sabuwar Gwamnati



Ran Litinin, 29 ga watan Mayu 2023, sa'ad da yawancinmu muke gona, waɗansu na huɗa waɗansu na shuka, aka rantsad da sabon Shugaban Ƙasa, Bola Ahmed Tinubu, a Abuja. A cikin jawabinsa na farko ya sanar cewa tallafin man fetur ya ƙare. Kafin masarar da aka binne ran nan ta tsiro, litar man da ake saye wajen naira 190 ta haura naira 500. Kafin a gama mata noman farko, ran 14 ga Yuni, Babban Bankin Nijeriya ya sakar wa kasuwa naira, dalar da ake canzawa wajen naira 460 a banki ta doshi naira 750 cikin 'yan makonni. Masarar tana shirin goyo ke nan, ran 26 ga Yuli, sai sojoji suka karɓi mulki a Jamhuriyar Nijar, aka rufe iyaka, ciniki ya karye a Illela da Jibiya da Maigatari. Ba a gama kai ta rumbu ba, a watan Oktoba, Babban Banki ya janye hanin da ya yi tun 2015 na sayar wa masu shigo da shinkafa dala.

Damina ɗaya, hukunci huɗu. Ba ko ɗaya daga cikinsu da aka yanke a gona, amma ba ko ɗaya da bai iso gona ba.

Tun daga lokacin nan tambayar da ta fi yawa a tarurrukan ƙungiyoyinmu ita ce, me za mu shuka, nawa za mu zuba wa gona, mu sayar ne ko mu ajiye? Ba nufinmu ba ne a wannan shafi mu yabi gwamnati ko mu kushe ta. Abin da muke so mu duba tare shi ne wannan: gwamnati tana iya sāke shawara a yini ɗaya, manomi kuwa in ya binne iri ya ɗaure kansa har wata biyar ko shida. Yakan kashe kuɗinsa a ƙarƙashin wata doka, ya zo sayarwa a ƙarƙashin wata dabam. To, tun da yake ba a hannunmu dokar take ba, sai mu shirya gonakinmu da asusun ƙungiyarmu yadda ko ta ina iska ta kaɗo ba za ta kwashe mana jinka ba.

BA YAU FARAU BA

Dattawan da ke cikinmu sun ga irin wannan ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta fito da shirin ciyar da ƙasa, aka yi ta kiran kowa ya koma gona, har 'yan makaranta. A 1980 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kawo nata shirin bunƙasa noma, amma a zamanin nan ne kuma jiragen ruwa suka yi ta sauke shinkafar waje, ta gida ta rasa daraja. A ƙarshen 1983 soja suka dawo. A watan Afrilu 1984 gwamnatin Janar Buhari ta sāke launin takardun kuɗi, ta rufe iyakokin ƙasa, mutanen karkara da yawa da ba su da banki kusa suka sha wuya kafin su canza ɗan abin da suka ajiye.

Sai Janar Babangida ya zo. A 1985 aka hana shigo da shinkafa da masara. A 1986 aka soma shirin gyaran tattalin arziki da aka fi sani da SAP. Nairar da dā take kafaɗa da kafaɗa da dala ta faɗi, har dala ɗaya ta kai wajen naira 4. A shekarar nan ce kuma aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, watau masu sayen gyaɗa da auduga da hatsi. Hukumomin nan ba su cika biyan manomi abin da ya cancanta ba, gaskiya ne, amma akan sanar da farashi kafin a buɗe kasuwa, mutum ya san inda ya dosa. Da aka rushe su, manomi ya sami 'yancin sayarwa inda ya ga dama, ya kuma rasa wanda zai tare masa faɗuwa.

Labarin takin zamani ma haka yake. A 1997 aka cire masa tallafi, a 1999 aka mai da kashi 25 cikin ɗari. A 2012 aka koma raba shi ta wayar hannu, manomi ya sami saƙo ya je ya karɓi buhu biyu a rabin kuɗi. Da gwamnati ta sāke a 2015, aka ƙaddamar da shirin rancen manoma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi cikin watan Nuwamba, wanda daga baya kuɗin da aka zuba masa suka haura naira tiriliyan ɗaya. A 2017 aka riƙa haɗa takin NPK a cikin gida bisa yarjejeniya da ƙasar Maroko, aka sa masa naira 5,500 buhu. A watan Agusta 2019 aka sake rufe iyakoki har zuwa Disamba 2020, shinkafar gida ta yi kuɗi, mutane da yawa suka mai da gonakinsu na shinkafa. Bayan 2023 sababbin shugabannin Babban Banki suka ce ba da rance kai tsaye ga manoma ba aikinsu ba ne, aka janye hannu.

Duk wanda ya lissafa waɗannan zai ga abu ɗaya. Shirin gwamnati yakan rayu gwargwadon ran gwamnatin da ta haife shi, wani lokaci ma ba ya kaiwa. Gona kuwa tana nan. Ƙungiyar da ta gina ɗakinta a kan shirin gwamnati kaɗai, ran da aka zare shirin sai ɗaki ya zauna.

ƘOFOFI HUƊU

Yana da kyau mu gane ta inda maganar da aka yi a Abuja take shigowa har cikin rumbunmu. Ƙofofin huɗu ne.

Ta farko ita ce man fetur. Dalilin gwamnati na cire tallafi ba ɓoyayye ba ne. A 2022 kaɗai tallafin ya ci sama da naira tiriliyan huɗu, kuma mai da yawa yana tsallaka iyaka zuwa maƙwabta inda ya fi tsada. Amma ga manomi, fetur shi ne babur ɗin da ke kai shi gona, shi ne a-kori-kurar da ke kai kaya kasuwa, shi ne injin niƙa, shi ne kuma injin ban-ruwa a fadama. A watan Yuli 2023 lita ta kai naira 617 a Abuja, a Oktoba 2024 ta haura naira 1,000. Masu noman rani su suka fi jin jiki, domin mai tumatir ko albasa ko alkama ba zai ce wa shuka ta jira mai ya sauko ba. Shi ya sa waɗansu suka juya injinansu zuwa tukunyar gas, masu hali kuma suka sayi famfo mai aiki da hasken rana. Akwai kuma abin da ba a cika lura da shi ba: in kuɗin mota ya tashi, ɗan kasuwa ba daga aljihunsa yake biya ba, daga farashin da zai ba manomi a ƙauye yake ragewa. Ƙauyen da ya fi nisa da kwalta shi ya fi asara.

Ta biyu ita ce dala. Wani zai ce, ina ruwana da dala, ni da ban taɓa riƙe ta ba? Ruwanka yana cikin buhun taki. Cikin abubuwan da ake haɗa NPK da su, biyu daga waje ake kawo su, da dala kuma ake biya. Takin yuriya a nan gida ake yinsa, a Legas da Fatakwal, amma tun da ana fita da shi ƙasashen waje, farashinsa yana bin na kasuwar duniya. Maganin ciyawa, maganin ƙwari, injin feshi, kayan gyaran tarakta, irin kayan lambu na gwangwani, yawancinsu dala ce ke yanka musu kuɗi. A watan Fabrairu 2024 dala ta haura naira 1,500, watau ta ninka fiye da sau uku cikin wata tara. Ba abin mamaki ba ne da kayan nan duka suka bi bayanta.

Ta uku ita ce iyaka da harajin kwastan. Wannan ita ce ƙofar da ta fi taɓa abin da muke sayarwa. In an toshe hanyar shigo da abinci, na gida ya yi kuɗi, manomi ya yi murna, mutumin birni ya koka. In an buɗe, na birni ya huta, manomi ya koka. Kowace gwamnati tana tsakanin kukan nan biyu, kuma wanda ya fi kusa da kunnenta shi ta fi ji. Ba kuma gwamnatinmu kaɗai ke riƙe da ƙofar nan ba. Iyakar Nijar da aka rufe a 2023 sai a watan Maris 2024 aka buɗe ta, a Oktoba na shekarar kuma hukumomin Nijar suka hana fita da hatsi daga ƙasarsu zuwa yawancin maƙwabta. Mai sayen wake ko gero a Dawanau dole ya saurari Abuja da kunne ɗaya, ya saurari Yamai da ɗayan.

Ta huɗu ita ce kuɗin ruwa. Domin a rage hauhawar farashi, Babban Banki ya ɗaga ma'aunin kuɗin ruwa daga kashi 18.5 cikin ɗari a watan Mayu 2023 zuwa kashi 27.5 a Nuwamba 2024. Bankunan kasuwanci kuwa a kan wannan suke ɗora nasu. Gona kaɗan ce za ta iya biyan irin wannan ruwa ta bar wa mai ita abin kai wa baka. Har wa yau, in bashi ya yi tsada, manyan masu sayen hatsi da masu injinan casar shinkafa da masu haɗa abincin kaji sukan rage saye su tara, wannan ma yana sassauta farashi da kaka.

SHEKARAR TSADA DA SHEKARAR ARAHA

Shekarun 2024 da 2025 sun koya mana darasin da ya kamata kowane sakataren ƙungiya ya rubuta a littafi.

A 2024 abinci ya yi tsadar da da yawa daga cikinmu ba su taɓa gani ba. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Yuni farashin abinci ya ƙaru da fiye da kashi 40 cikin ɗari a kan na shekarar da ta gabata. Wanda ke da hatsi a rumbu ya ga kuɗi. Amma mu tuna, manoma da yawa sun riga sun sayar tun da kaka, suka koma saye da bazara da tsadar da ba su suka ci ribarta ba. Ganin kukan jama'a, a watan Yuli gwamnati ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba, na kwana 150.

Da ganin farashin 2024, mutane suka faɗaɗa gonaki, waɗansu suka ci bashi, waɗansu suka sayi hatsi suka tara suna jiran bazara. Sai 2025 ta zo da wata fuska. Ga abincin waje ya shigo, ga naira ta ɗan natsu a wajen 1,500, ga amfani ya yi kyau a wurare da dama. Farashin hatsi ya yi ta sauka maimakon hawa, har a waɗansu kasuwanni masara ta koma wajen rabin kuɗinta. Taki kuwa bai sauko ba. Da kakar 2025 manomi yakan sayar da buhun masara ɗaya kuɗin bai kai shi ga buhun taki ɗaya ba. Wanda ya tara hatsi da kuɗin bashi ya ga ta kansa.

Mata ma ba su tsira ba. Ran 26 ga Agusta 2025, a tsakiyar lokacin cinikin kaɗanya, gwamnati ta sanar da hana fita da ɗanyen ƙwallon kaɗanya na wata shida, domin a riƙa sarrafa man kaɗe a cikin gida. Manufar tana da kyau a takarda, amma cikin 'yan kwanaki farashi ya faɗi da wajen kashi ɗaya cikin uku, matan da suka sha raɓa suna tsinta su suka ɗauki asarar farko.

Watau cikin shekara biyu, a ƙarƙashin gwamnati ɗaya, wanda ya yi saurin sayarwa ya yi da-na-sani a shekarar farko, wanda ya ajiye ya yi da-na-sani a ta biyu. Ba wayo ne ya gaza ba. Ƙa'idar wasan ce aka sāke ana tsakiyar wasa.

ABIN DA KE GABA

Akwai alamun da ke ƙarfafa zuciya. Hauhawar farashi da ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamba 2024 ta sauko ƙasa da kashi 20 kafin ƙarshen 2025, ko da yake an sāke hanyar lissafin a farkon shekarar. Matatar man Dangote ta soma fitar da fetur a Satumba 2024. Kason da jihohi ke samu daga asusun tarayya ya ƙaru ƙwarai bayan cire tallafi. A Yuli 2024 an kafa ma'aikata ta musamman domin kiwo. Sai dai a lura, in aka ce hauhawar farashi ta ragu, ba ana nufin kaya sun koma kuɗinsu na dā ba ne. Ana nufin gudun hawan ne ya ragu.

Akwai kuma abin da ke sa a yi hattara. In manoma suka ji zafin araha suka rage noman masara da shinkafa, su da ke cin taki da yawa, amfani zai ragu, farashi ya sake tashi, a sake kiran a buɗe iyaka, a sake komawa gidan jiya. Ga rashin tsaro da ya raba mutane da gonakinsu a wurare da yawa. Bugu da ƙari, kowace shekara huɗu akan koma rumfar zaɓe, kuma in zaɓe ya ƙarato arahar abinci a birni takan fi ribar manomi nauyi a ma'aunin 'yan siyasa. Wanda ya hau kuma yakan zo da nasa shirin da sabon suna.

Saboda haka duk wanda ya zo taronku ya rantse muku cewa buhu zai kai kaza da bazara, ku saurare shi da ladabi, amma kada ku ɗora asusun ƙungiya a kan maganarsa.

ABIN DA ƘUNGIYA ZA TA IYA YI

Na farko, mu riƙa lissafi da buhu, ba da naira kaɗai ba. Naira tana ruɗi, domin lambarta tana girma alhali abin da take saye yana ƙanƙancewa. Tambayar da ta dace ita ce, buhun masara nawa ke sayen buhun taki ɗaya? Ga misali. A ce ɗan ƙungiya ya zuba buhun taki 6 a hekta ɗaya ya sami masara buhu 25. In buhu ɗaya na sayen ɗaya, taki ya ci 6, saura 19. In sai buhu biyu ke sayen ɗaya, taki ya ci 12, saura 13, ba a kuwa fitar da kuɗin huɗa da ƙwadago da magani da buhu da mota ba. Sakatare ya riƙa rubuta wannan awo kowane wata, na masara da dawa da wake da waken soya. Cikin shekara biyu ƙungiya za ta mallaki ilimin da ba wanda zai ba ta a rediyo.

Na biyu, abincin gida tukuna. Kafin a kai ko da mudu ɗaya kasuwa, kowane magidanci ya ware abin da zai kai iyalinsa sabuwar kaka, da iri, da ɗan abin ko-ta-kwana. Hatsin da ke rumbu domin ci, ba ruwansa da dala, ba ruwansa da kwastan. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Na uku, kada a zuba ƙarfi duka a kan abu ɗaya don ya yi kuɗi bara. Abin da ya yi kuɗi bara kowa ya gani, kowa kuma shi zai shuka. Dawa da gero ba su cin taki kamar masara. Wake da gyaɗa da waken soya suna ƙara wa ƙasa ƙarfi da kansu, juya su da hatsi kuma yana rage wuta-wuta. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, Zariya, ta fitar da ire-iren masara da dawa da wake da gyaɗa masu saurin nuna da jure fari, a tambayi malamin gona wanda ya dace da yankinku. Akuya da kaji a bayan gida su ma asusu ne.

Na huɗu, mu rage dogara ga abin da dala ke yanka wa kuɗi, ba tare da mun kashe gona da yunwa ba. Takin shanu da na kaji da juji da toka, a soma tara su tun da rani. Takin zamanin da aka saya kuwa, a tona kusa da gindin shuka a binne, kada a watsa rana da ruwa su tafi da shi. In takin hekta ɗaya gare ka, gara ka ciyar da hekta ɗaya ta ƙoshi da ka raba wa uku kowacce ta tashi da yunwa, ga kuɗin ƙwadago sau uku.

Na biyar, sayarwa kashi-kashi. Shawararmu ita ce a raba abin sayarwa uku: kashi ɗaya da kaka domin biyan bashi da kuɗin makaranta, kashi ɗaya a tsakiyar rani, na ƙarshe gab da damina domin sayen taki. Mai yin haka ba zai taɓa cin ƙololuwar kasuwa duka ba, amma ba zai faɗa ƙasan rami da kayansa duka ba. Ajiya kuwa sai da shiri. A shanya hatsi ya bushe sarai, a zuba a buhu mai ninki uku wanda iska ba ta shiga, ko a duro mai murfi, a ɗora a kan katako. Ta haka ba a bukatar zuba wa abinci maganin feshin gona, abin da ke cutar da mu da 'ya'yanmu. Kada kuma ƙungiya ta sayi hatsin tarawa da kuɗin bashi mai ruwa. Wannan ba ajiya ba ce, caca ce.

Na shida, bashi. Kafin a sa hannu, a yi lissafi a ga ko za a iya biya in farashi ya faɗi zuwa rabi. In ba za a iya ba, a rage bashin ko a haƙura. A nemi a rubuta kome a takarda: nawa aka karɓa, nawa ne ruwa, yaushe za a biya, da kuɗi ko da amfani, a wane farashi. Mu kuma faɗa wa juna gaskiya, rancen gwamnati rance ne, ba rabo ba ne. Rashin biya yana cikin abubuwan da suka raunana shirye-shiryen baya, ƙungiyar da ta ɓata sunanta kuma ta rufe wa 'ya'yanta ƙofa.

Na bakwai, kada kuɗin asusu su kwanta barci. A shekarar da kaya suka hau da kashi 34 cikin ɗari, naira 100,000 da aka kulle a akwati ta koma tana sayen abin da naira 75,000 ke saye dā. Gara ƙungiya ta haɗa kuɗi ta sayi taki da iri da magani a sari tun da rani daga amintaccen dila, ta raba kuɗin mota. Ba a fafe gora ranar tafiya. Amma a bar wani abu a banki, wani abu kaɗan a hannun ma'aji da sanin kwamiti. Waɗanda suka ga canjin kuɗi na 1984, suka kuma ga ƙarancin takardun naira na farkon 2023 sa'ad da aka yi ta karyar da kaya don neman tsabar kuɗi, sun san amfanin kowane ɗaya.

Na takwas, mu bambanta sanarwa da abin da ya zo hannu. In an ji a rediyo za a raba taki ko tarakta, a je a yi rajista, a bi sawu, amma a yi shirin damina kamar ba za su zo ba. In sun zo, ƙari ne. Domin haka takardar rajistar ƙungiya ta kasance da rai, sunayen 'yan ƙungiya da girman gonakinsu a rubuce, littafin kuɗi a buɗe ga kowa. Tun da kason jihohi ya ƙaru, muna da bakin tambayar hanyar ƙauye da ɗakin ajiya da malaman gona. Ƙungiya ɗaya in ta je sakatariya za a ce ta dawo gobe. Ƙungiyoyi ashirin in sun je da takarda ɗaya da lissafinsu a hannu, za a ba su kujera. Abin da ya fi cancanta mu roƙa kuwa ba kyauta ba ce. Shi ne duk dokar da ta shafi shigo da abinci ko fita da shi, a sanar da ita kafin shuka, kada a sāke ta sai bayan girbi.

A TARO MAI ZUWA

Muna roƙon kowane shugaba ya sa wannan magana a gaban 'yan ƙungiya a taro mai zuwa, maza da mata, a karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba. A amsa tambaya uku a rubuce. Buhun amfani nawa ke sayen buhun taki ɗaya a kasuwarku a wannan mako? Gida nawa ne cikinku abincinsu ba zai kai sabuwar kaka ba? Bashi nawa ke kan ƙungiya, kuma za ta iya biya in farashi ya faɗi zuwa rabi?

In kun amsa, ku rubuto mana. Za mu haɗa amsoshin mu buga, domin na Filato su ga abin da na Adamawa ke ciki, na Kaduna su ji na Gombe, mu koya daga juna.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa mu ci abin da muka noma cikin salama.